Rantsuwar Malam da 'Yan Guduma

Na gaji da jin ana cewa mahaifinku ya bar duniya yana fushi da yayanku. A wurin suna na ji, a wurin makoki na ji, har wata da ba ta taɓa taka ƙofar gidanmu ba ta faɗa a gabana a unguwar Dasasgo, ba ta san ni ce uwar ba. Na yi shiru a ranar don gidan mutane ne, amma na kwana abin yana cina. Shi ya sa na ce a kawo mini takarda. Idona ya yi rauni, hannun ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, amma zan rubuta yadda abin ya kasance. Wanda ya ga na yi ƙari ya zo ya same ni tun ina da rai.

Shekarar da babbar kasuwa ta ƙone aka fara. Kun san a can, wato Rood Woko, nake sayar da gwanjo, wanda mutanen Wagadugu ke ce wa yugu-yugu, tun zuwanmu daga Nijar. Wuta ta cinye mini komai, har tabarmar da nake salla a kai. Na dawo Zongo na shimfiɗa leda a bakin hanya kusa da garejin Salfo, Bamoshen nan mai gyaran moto, wato babur, ina sayar da abin da ya samu. Ba na iya zama a lokacin. In na zauna sai na ji ƙamshin hayaƙi, sai na miƙe in zagaya, in dawo, in sake miƙewa. Malam kuwa, mahaifinku, yana zaure da almajiransa na karatu, ya ce jarrabawa ce, a yi haƙuri. Gaskiya ya faɗa, amma haƙurin ba ya shiga tukunya.

Cikin wannan hali na sayi wata dila ba tare da an buɗe ba. Da aka yanke igiya, sai ga riguna da huluna sababbi fil, ko sau ɗaya ba a taɓa sa su ba, warin kamfani na tashi. Duk iri ɗaya, baƙaƙe, da hoton guduma a ƙirji da rubutun Ingilishi a ƙasa. Mu nan Faransanci muke tsinta, amma kalma ɗaya kowa ya gane ta: shampiyon. Nan take samarin unguwa suka yanke hukunci cewa wani babban kulob ne na balan, wato ƙwallon ƙafa, ya ci kofin duniya, suka sa musu suna 'Yan Guduma. Kafin mako ya zagayo, rabin Zongo ya zama baƙi. Direbobin da ke zuwa Yamai suna saye, masu shayi suna saye, 'yan ƙwallon unguwa suka ɗauka a matsayin kayan wasansu. Na koma wurin dillalin na kwashe sauran dilolin. Da rigunan nan na tashi tsaye, wannan ba na ɓoye shi.

Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, ku kuna ce masa Dogo, ya wuce ashirin a lokacin. Ƙato ne, ƙofar zaure sai ya sunkuya. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi lakwal, wato boko, gwargwado, kuma Malam ya riga ya gama shirinsa a zuci cewa shi zai gaji makarantar. Amma yaron irina ne, ba ya zama. Shi ne ya ce bai taɓa jin kulob mai guduma ba, ya hau moto ya tafi wani sibar a Paspanga, inda ake biya a duba intanet. Ya dawo da azahar, muna tsakar gida, yana dariya har yana riƙe ciki.

"Inna, wallahi ba balan ba ne! Da hannu suke ɗauka su ruga. Ƙwallon ma kamar gwanda yake. Suna sa kaska, hular kwanon nan, kamar masu moto, suna ture juna."

"To, ko ma mene ne, ai sun ci," na ce.

"Ba su ci ba, Inna. An cinye su a wasan ƙarshe."

Ya yi mana bayani. A can, kafin a buga wasan ƙarshe ake buga wa kowane ɓangare rigunan nasara, don da an busa a sa. Waɗanda suka ci, su sa nasu. Na waɗanda aka cinye kuwa, sai a ƙulle a dila a turo mana nan, inda ba mai ganewa. Na tsaya da ludayi a hannu. Wato duk Zongo muna yawo muna taya mutane murnar abin da suke kuka a kai. Ni dariya ta zo mini. Malam, da ke alwala a gindin randa, bai yi dariya ba.

"Hajara, ashe ƙarya kike sayar wa Musulmi su sa a ƙirji su shiga masallaci."

"Malam, ni yadi nake sayarwa. Rubutun kyauta ne."

"Kar in sake ganin rigar nan a gidana."

Na fitar da su daga gidan, na ajiye a garejin Salfo, na ci gaba da sayarwa. Ku da kuke ƙanana a lokacin, da su kuka ci tuwo.

Da a nan abin ya tsaya, da ba abin rubutawa. Amma Dogo ya kamu. Kullum yana Paspanga, kullum ya dawo da sabon labari, ni kuma yake zuba wa ina jera kaya. Wai garinsu garin sanyi ne a bakin wani babban ruwa, garin masu narka ƙarfe. Ma'aikatan masana'anta ne suka kafa kulob ɗin tun zamanin kakanni, suna tashi daga aiki su buga da kayan aikinsu a jiki. Sun yi zamaninsu suna cin kowa, sannan abin ya juya musu baya. Masana'antu suka rufe, mutane suka watse, har mai kulob ɗin ya so ya kwashe shi ya kai wani gari mai rana da masu kuɗi, mutanen gari suka fito cikin ƙanƙara suka ce sai dai a bi ta kansu. Suka riƙe abinsu. Shekara da shekaru ba kofi, amma filin ba ya rasa mutane. Da suka kai wasan ƙarshe kuma aka cinye su, aka turo mana rigunansu.

"Inna, mutanen nan irinmu ne," in ji shi. "Su ma kasuwarsu ta ƙone."

Ya fara tara samari a filin bayan unguwa, kowa da kaskar motonsa, suna ture juna cikin ƙasa da wani ƙwallo da ya sa baduku ya ɗinka masa. Mutane suna taruwa suna dariya. Maganar tana komawa kunnen Malam, ɗan malami guda yana kokawa da kaska a kai. Sannan ba tare da sanin kowa ba ya shiga lotirin nan na takardar zama a Amurka, kuma Allah ya sa sunansa ya fito. Da aka tambaye shi garin da zai sauka, ba sai na faɗa muku wanda ya zaɓa ba.

Ni ya fara gaya wa. Na kwana biyu ina juya abin. Na san in ya zauna, zai zauna ne kamar yadda nake zama a bakin hanya, jiki a nan, rai a wani wuri. Na san kuma in ya tafi, Malam ba zai yafe mini da wuri ba. Na zaɓa. Na kwance abin da rigunan suka tara mini na ce ya je ya yanki tikitin jirgi. Har yau in aka mayar da ni ranar, haka zan yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Dogo ya shiga zaure ya durƙusa. Dattawan unguwa suna nan, an zo gaisuwa. Ni ina bayan labule, ƙafata ta ƙi tsayawa. Ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi albarka. Malam ya dube shi ya tambaya.

"Makarantar fa?"

"Baba, akwai waɗanda suka fi ni zama."

"Za ka bar karatun Allah ka bi mutanen da ko nasararsu ta ƙarya ce."

Da yaron ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma bakina gare shi.

"Ba ƙarya ba ce, Baba. Lokacinta ne bai yi ba."

Wani daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta jawo mana komai. Na ji muryar Malam ta canza.

"To, je ka. Wallahi, tallahi, ba zan sake yi maka magana ba sai ranar da abin da ke rubuce a rigar nan ya zama gaskiya."

Aka yi salati. Dogo ya fito ya wuce ni idonsa jajur. Malam ya yi kwanaki ba ya cin abincin da na dafa, sai wanda ƙanwarsa ta aiko. Ranar tafiya bai fito ba, amma na gan shi ta tagar zaure ya ɗaga hannu yana addu'a har motar ta sha kwana.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa. Rantsuwa tana da kaffara. Na same shi bayan fushin ya sauka na ce, Malam, ka ciyar da miskinai goma ko ka tufatar da su, ga tufafi dila-dila a hannun matarka, yau ɗin nan sai a gama. Ya ce ya san hukuncin, shi yake koyar da shi. Na ce to, yanke zumunta fa, shi ma kai kake koyar da shi. Ya ce bai yanke ba, yana yi masa addu'a kowace salla. A gaban dattawa ya rantse, in ji shi, in ya warware yaro zai ɗauka maganar uba ma riga ce, a sa a cire. Taurin kai ne kawai, irin na mutanen garinsu. Na faɗa masa haka a fuskarsa, ya ce na gama? Na ce ban gama ba, amma ya ɗauki butarsa.

Sai ya samo wata dabara, irin wadda malami kaɗai zai samo. Ya rantse ba zai yi masa magana ba, bai rantse ba zai yi mini ba. Da salula ta shigo gidanmu, in Dogo ya kira, sai Malam ya matso da buzunsa kusa da ni, ya ɗaga murya yadda na Amurka ma zai ji ba waya.

"Ki tambaye shi yana salla a kan lokaci?"

Dogo na ji, ni ma na san yana ji, amma sai na maimaita. Shi kuma ya ce, "Inna, ki ce wa Baba ina yi." In maimaita. Haka muka rayu. Ta bakina Malam ya ji ya samu aikin tuƙa babbar mota. Ta bakina aka nemi izinin aurensa, ta bakina aka raɗa wa 'ya'yansa suna. Da ya zo gida da iyalinsa sau ɗaya, suka zauna shi da ubansa suna ci a kwano ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, Malam ya juyo ya ce mini, "Ki ce masa ya ƙara nama, ya rame." Baƙi suka yi dariya. Ni na shiga ɗaki na yi kuka, don na ga Dogo ya janye hannunsa daga kwanon.

To, kun ga yadda aka yi ni, 'yar gwanjo a Zongo, na zama mai bin 'Yan Guduma fiye da mutanen garinsu. Da damina ta fara janyewa suke fara wasa, sai hankalina ya tashi. Dije, autata, ita ke duba mini a waya da safe. Na koyi wasan da ƙarfi da yaji. Fili ake ci taki-taki, kamar rikicin iyakar gona, akwai mai jifa, akwai masu gudu, akwai ƙattin da aikinsu kawai su tare hanya. Na san lokacin da suka kori mai horarwa suka kawo wani, shi ma suka kore shi. Na san shekarar da mai jifansu ya karye a kafaɗa, na yi ta masifa har maƙwabta suka zo tambayar wa ya rasu. Na yi sadakar masa saboda mutanen da ban san ko suna wanka da ruwa ba. Na taɓa kai wa wani malami a Dasasgo goro ya yi musu addu'a, ya tambayi sunan mai bukata, na ce ya ce 'Yan Guduma kawai, Allah ya san su. Wasu shekarun su fara da kyau su lalace a tsakiya. Wasu shekarun tun farko ba sa tashi. Kowace shekara in suka faɗi, sai in dubi gemun Malam in ga farin ya ƙaru.

Shi kuwa bai taɓa kiran sunansu ba. Amma ranar Litinin da safe, in na kawo masa koko, sai ya yi kamar yana gyara carbi.

"Mutanen naki fa?"

"An cinye su."

"Allah ya kyauta," sai ya ce, ya ture kokon.

Shekarar da ciwon ya same shi, wato shanyewar ɓarin jiki, ita ce shekarar da suka ɗauko wani yaro mai jifa da sauran kulob suka raina. Malam ya faɗi a zaure ana tsakar karatu. Da aka dawo da shi daga asibiti, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi mata naƙuda. Likita ya ce mu yi hattara, irin wannan yana dawowa. Su kuma can suka fara ci. Wannan mako su ci, mako na gaba su ci. Ni ban san inda zan sa kaina ba. In je kasuwa in kasa zama, in dawo gida in kasa zama. Ina duban numfashin Malam, ina duban wayar Dije. Na ce wa Dogo ya taho, ya ce yana neman hutu a wurin aiki, amma in ya zo ma ta bakina za a gaisa, shi kuma ba zai iya ganin Baba a kwance yana cewa "ki ce masa" ba.

Na sake durƙusawa gaban Malam. Wannan karon ba da faɗa ba. Na ce don Allah ya bari in fitar da kaffarar nan, ba wanda zai sani, dattawan da ya rantse a gabansu ma yawanci sun riga mu. Ya dube ni. Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Sun... kusa."

Na fita na zauna a bakin rijiya. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na ji haushin wasu ƙatti a wata duniya da ran mijina ke rataye a hannunsu ba su sani ba.

Suka kai wasan ƙarshe. A can da yamma ake yi, mu nan muna barci, in ji masu iya barci. Da hantsi ina shanya, Dije ta fito daga ɗaki da gudu ba ɗankwali.

"Maman! Se fini! Sun ci, wallahi sun ɗauki kup ɗin!"

Na yar da zanin a ƙasa. Muka shiga wurin Malam, ta nuna masa a waya, ga mutane suna tsalle, ga takardu masu ƙyalli suna zuba, ga su sanye da riguna an rubuta shampiyon. Ya kalla, ya kawar da kai. Ya ɗaga yatsu biyu na hannun hagu. Ban gane ba, sai da ya yi ta fama ya ce, "Shai... du." Ai kuwa, mutumin da riga ta taɓa yi wa ƙarya ba zai yarda da riga ba. Shaidu biyu yake so, kamar ganin wata. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na jawo Salfo daga gindin wani moto, hannunsa duk baƙin mai, ya ce shi ya ji a rediyon Faransa da safe. Na tare wani direba ɗan Tawa da ke shan shayi, ya ce shi ma ya gani a tele a tasha. Suka shigo suka tsuguna.

"Malam, lafi bala?" in ji Salfo, yana gaisuwa da yarensu. "Na rantse da Allah, masu gudumar nan sun ci. Da kunnena na ji."

Direban ma ya shaida. Malam ya rufe ido, na ga hawaye ya bi ta gefen da ya shanye. Kafin su fita wayar ta yi ƙara. Dogo ne, muryarsa ta dushe, bayansa ana ta busa da ihu kamar garin zai tsage.

"Inna! Inna, kin ji? Ki ce wa Baba..."

Na ce ba zan ce ba. Na sa wa Malam wayar a hannun hagu, na riƙe masa gwiwar hannu don kar ta faɗi. Ya juyo ya dube ni, bakin ya fara abin da ya saba.

"Ki... ce..."

Ya tsaya. Ya mayar da idonsa kan wayar.

"Kai," ya ce. "Kai... ne?"

Ihun da ke can ya yi nisa, da alama yaron ya shige wani lungu. Na ji ƙaton nan yana kuka kamar ranar da aka yaye shi.

"Ni ne, Baba."

"Ka... ci... abinci?"

Na tura matashi ƙarƙashin hannun Malam, na kori Dije, na kori shaidu, ni ma na fito na ja ƙofa. Na zauna a tsakar gida kan turmi. Rabon da in zauna haka, ba abin da ke tsikarata in miƙe, tun kafin gobarar kasuwa. Ina jin muryarsa sama-sama ta bango, kalma, shiru, kalma, har rana ta kai tsaka batirin wayar ya mutu.

Ciwon ya dawo kafin Dogo ya samu hutunsa. Jirginsa ya sauka an riga an kai Malam makwanci. Wannan kiran shi ne rabonsa, kuma ya same shi. Kuna yawan tambayata me suka ce wa juna a ɗakin nan. Ban sani ba. Duk abin da ya shiga tsakaninsu a shekarun nan ta bakina ya bi, ban da wannan. Ku tambayi yayanku, in ya ga dama ya faɗa muku.